Makonni Biyun Ƙwaron Mayu: Tarihin Fitar Ayarin Masu Fatsa a Kogin Test na Ingila

Gabatarwa

A kudancin Ingila, a gundumar Hampshire, akwai wani kogi da ake kira Test. Tsawonsa kimanin kilomita 64 ne, daga maɓuɓɓugarsa a ƙauyen Ashe zuwa inda yake zubewa a mashigin teku kusa da birnin Southampton. A wurare da yawa yaro ma zai iya jefa dutse daga wannan gaɓa ya faɗa a waccan. Duk da ƙanƙantarsa, yana cikin kogunan da suka fi suna a duniya wajen masu fatsa da ƙwaron ƙarya. Kowace shekara, daga tsakiyar watan Mayu zuwa farkon Yuni, wato farkon lokacin zafi a can, abokai kan haɗa ayari su bar birane su sauka a bakinsa na 'yan kwanaki, kuma da yawansu tun bara suke kama wuri. Wannan maƙala ta bi tarihin wannan fita daga shekarar 1822, domin a ga yadda rayuwar wani ƙwaro, da dokar mallakar kogi, da hanyoyin sufuri, da kuma jayayyar masu fatsa a junansu suka haɗu suka tsara lokacinta da ƙa'idojinta.

Fatsar ƙwaron ƙarya da asalinta

A fatsar da aka saba da ita, akan soka tana ko wani abinci a ƙugiya, a sa ɗan nauyi ya kai ta ƙasa, a zauna jiran kifi. A wannan kuwa babu abinci ko kaɗan. Ana naɗa zaren siliki da gashin tsuntsu da gashin dabba a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro. Da yake ƙugiyar ba ta da nauyin da za a iya wurga ta, nauyin igiyar ne ke ɗaukar ta: mai fatsa yana kaɗa sanda gaba da baya, igiyar ta miƙe a iska, sannan ya sauke ƙwaron a hankali gaban kifi. Kifin da aka fi nema da ita shi ne tirawut, kifin ruwan sanyi mai ɗige-ɗige a jiki, wanda yawancin abincinsa ƙwari ne.

Dabarar tsohuwa ce. Wajen shekara ta 200 Miladiyya, marubucin nan na Rum mai suna Aelian ya bayyana yadda mutanen Masidoniya ke naɗa jan ulu da gashin zakara biyu a ƙugiya su kama kifi mai ɗige-ɗige. A Ingila, wani ɗan littafi kan fatsa da aka buga a 1496, wanda ake jingina shi ga wata mata mai suna Juliana Berners, ya lissafa ƙwarin ƙarya 12, ya raba su bisa watanni daga Maris zuwa Agusta. Tun daga nan ake ganin tushen al'amarin: kowane wata da ƙwaronsa, kuma wanda bai san kalandar ƙwari ba zai koma gida hannu rabbana. A 1653 Izaak Walton ya fitar da The Compleat Angler, a 1676 kuma abokinsa Charles Cotton ya ƙara masa kashi na biyu kan fatsar ƙwaro a kogin Dove, da jerin ƙwari fiye da 60. A 1836 Alfred Ronalds ya buga littafin da ya jera zanen ƙwarin gaske kusa da na ƙarya masu kwaikwayonsu, abin da ya mayar da sana'ar wani reshe na nazarin halittu.

Kogin alli da ƙwaronsa

Ƙasar Hampshire tana zaune a kan dutsen alli. Ruwan sama yana nutsewa cikin allin, ya daɗe yana tacewa, sannan ya ɓuɓɓugo garau, da sanyin da ba ya nisa da digiri 10 a ma'aunin Salshiyas, rani da damina. Saboda haka kogin ba ya saurin cika ya yi ja, ba ya kuma saurin ƙafewa. Ruwan yana ɗauke da sinadarin alli mai ciyar da ciyawar ruwa, ciyawar ta ciyar da ƙwari, ƙwarin su ciyar da kifi. Irin waɗannan koguna kaɗan ne a duniya, kuma kimanin kashi 85 cikin 100 nasu a Ingila suke. Tsabtar ruwan tana da nata sharri ga mai fatsa, domin yadda yake hango kifi haka kifin ke hango shi. Karin maganar nan ta kifi na ganinka mai jar koma ta dace da Test ƙwarai.

Ƙwaron da ya fi kowane daraja a wannan kogi shi ne ƙwaron Mayu, wanda masana ke kira Ephemera danica. Kalmar farko ta samo asali daga Girkanci, tana nufin abin da kwanansa ɗaya. Hakika gajeren kwanan na ƙarshen rayuwarsa ne kawai. Tsutsarsa takan yi kusan shekara biyu a cikin ramin da ta haƙa a laka da yashin ƙasan kogi. Idan lokaci ya yi sai ta taso saman ruwa, fatarta ta tsage, ƙwaro mai fukafukai ya fito ya ɗan yi yawo a kan ruwa kafin ya tashi zuwa ganyayen bakin gaɓa. A can yakan sake saɓule fata karo na biyu. A duk cikin ƙwari, danginsa ne kaɗai ke sake fata bayan sun yi fukafukai. Ba shi da bakin cin abinci, don haka kwana ɗaya ko biyu suka rage masa. Da yamma mazan kan taru suna tashi suna sauka a iska, a yi barbara, matan su koma kan ruwa su zuba ƙwai dubbai, su mutu fukafukai a baje.

Wanda ya ga yadda shinge ke fitowa bayan ruwan farko, tsuntsaye da kwaɗi da ƙadangaru suka yi masa caa, ya fahimci abin da ke faruwa a Test. Manyan kifaye masu wayo, waɗanda duk shekara suke ɓoye a ƙarƙashin gaɓa, sukan fito fili suna cafkar ƙwari ba tare da taka-tsantsan ba. Turawan Ingila suna yi wa lokacin laƙabi da abin da ke nufin makonni biyun 'yan koyo, wai ko wanda bai iya ba zai kama. Sai dai babu mai iya yanke ranar da fitar za ta kankama. Sanyin iska ko zafin ruwa na iya gaggauta ta ko jinkirta ta da kwanaki. Wannan rashin tabbas shi ne babbar matsalar duk wanda ya taɓa shirya irin wannan tafiya.

Kulob ɗin Houghton da tsarin fitar farko

A dokar Ingila, kogin da igiyar teku ba ta shiga yana da masu shi. Mai gonar da ke bakin gaɓa yakan mallaki ƙasan kogin zuwa tsakiya, tare da haƙƙin kama kifi, kuma yana iya sayar da haƙƙin ko ya ba da hayarsa. Mutum ɗaya daga Landan ba zai iya ɗaukar hayar dogon ruwa ya kuma biya mai gadinsa don kwana goma a shekara ba. Mafita ita ce haɗa hannu. A 1822 wasu masu hali suka kafa Kulob ɗin Houghton, suka karɓi hayar ruwa a kusa da garin Stockbridge, suka mai da masaukin Grosvenor da ke babban titin garin mazauninsu. Har yau ɗakin kulob ɗin yana saman ƙofar shiga wannan masauki, kuma yawan membobinsa bai wuce 25 ba.

Stockbridge yana da nisan fiye da kilomita 100 daga Landan, a kan tsohuwar hanyar Salisbury. A zamanin keken doki tafiyar takan cinye yini, don haka ba a zuwa don kwana ɗaya. Membobi sun tsayar da haɗuwa biyu a shekara: ɗaya a watan Afrilu, lokacin fitar wani ƙaramin ƙwaro mai suna giranom, ɗaya kuma lokacin ƙwaron Mayu. Akan kafa babban tanti a makiyayar bakin kogi, a ci abinci tare, a koma ruwa da yamma. Sun kuma buɗe kundin da ake rubuta kifin da aka kama, da nauyinsa, da yanayin iska, da ranar da aka fara ganin ƙwari da tsuntsayen ƙaura. Francis Chantrey, shahararren mai sassaƙa, yana cikin membobin farko-farko, kuma masu zane irin su Turner da Landseer sun ziyarce su. A 1908 Herbert Maxwell ya tace wannan kundi ya buga shi. Amfaninsa ya wuce nishaɗi, domin rubutun shekaru masu yawa shi ne abin da ake dubawa a ƙiyasta ranar haɗuwar baɗi.

Abin mamaki ga mai karatun yau shi ne cewa waɗannan mutane ba su dogara da ƙwaron ƙarya a lokacin Mayu ba. Sukan kama ƙwaron gaske su soka a ƙugiya, su yi amfani da doguwar sanda da igiyar siliki maras nauyi, su juya wa iska baya, ita ta ɗauki igiyar ta sauke ƙwaron a kan ruwa. Ranar da iska ta kwanta, ko ta buso daga inda ba a so, ayari duka sai zaman tanti. Wanda ya yi tafiyar yini guda yana iya ƙare hutunsa yana kallon kifi na cin ƙwari, ba shi da yadda zai kai masa ƙugiya.

Jirgin ƙasa da busasshen ƙwaro

Abu biyu suka sauya wannan tsari. Na farko jirgin ƙasa ne. Layin Landan zuwa Southampton ya kammala a 1840, ya ratsa Winchester da ke bakin kogin Itchen, maƙwabcin Test. A 1865 aka buɗe reshen da ya bi kwarin Test ta Stockbridge. Tafiyar yini ta koma ta sa'o'i kaɗan. Lauya ko ɗan kasuwa yana iya jiran saƙon waya daga mai kula da kogi cewa ƙwaro ya fito, ya hau jirgi washegari. Edward Grey, wanda ya riƙe muƙamin ministan harkokin wajen Birtaniya daga 1905 zuwa 1916, yana da 'yar bukka a bakin Itchen, kuma ya saba hawan jirgin asuba daga tashar Waterloo ranar Asabar don ya riski kifi da hantsi. Yawan masu zuwa ya ƙaru, kuɗin haya ya tashi, kifin kuma ya ƙara wayo saboda yawan ganin ƙugiya.

Na biyu kayan aiki ne. An samu sandar gora da ake tsagawa gida shida a haɗe, wadda maƙeran Amurka suka inganta, da igiyar siliki mai nauyi da aka jiƙa da mai, da ƙugiya mai ido. Da waɗannan, mai fatsa yana iya wurga igiya ko da iska na fuskantarsa, ya kuma busar da ƙwaronsa ta hanyar kaɗa shi a iska domin ya yi yawo a saman ruwa maimakon ya nutse. Wanda ya tsara wannan hanya ya mai da ita ilimi shi ne Frederic Halford, wanda aka haifa a 1844. Ya fara fatsa a Test a 1877, a 1879 kuma ya haɗu da George Selwyn Marryat a wani shagon kayan fatsa a Winchester. Su biyun suka shafe shekaru suna tara ƙwari, suna gwada launuka da gashin tsuntsaye. Littattafan Halford na 1886 da 1889 suka kafa ƙa'ida: a nemo kifin da ake gani yana cin ƙwaro a sama, a gane irin ƙwaron, a zaɓi na ƙarya mai kama da shi, a tsaya a ƙasan kifin a wurga zuwa sama, ruwa ya kawo masa shi kamar na gaske.

Ƙa'idar ta dace da fitar ayari. Idan mutum takwas suka bi kogi suna wurga ƙugiya ko'ina, wanda ya zo daga baya zai tarar an firgita kifi duka. Idan kuwa kowa yana zaune a benci yana jiran kifi ya nuna kansa, ruwan zai ishi kowa. Daga nan aka ƙarfafa al'adar yanka kogi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da iyakar yawan sandunan da za ta ɗauka a rana, ana kuma juyawa don kada mutum ɗaya ya riƙe wuri mai albarka.

Rigimar tsutsa

Bayan rasuwar Halford a 1914, mabiyansa suka mai da shawararsa doka, har aka riƙa ɗaukar nutsar da ƙugiya a kogin alli a matsayin rashin ɗa'a. Wanda ya ƙalubalance su wani lauyan Landan ne, G. E. M. Skues, wanda ya yi fatsa a yankin Abbotts Barton na Itchen daga 1883. Ya lura cewa sau da yawa kifin da ake zaton yana cin ƙwaro a sama, tsutsar da ke tasowa yake cafkewa dab da saman ruwa. A littattafansa na 1910 da 1921 ya nuna cewa kwaikwayon tsutsa da wurga ta ga kifin da ake gani yana bukatar sani da ƙwarewa daidai da na busasshen ƙwaro.

A watan Fabrairu na 1938 aka yi zaman muhawara kan batun a kulob ɗin masu fatsar ƙwaro na Landan, wanda aka kafa a 1884. Mafi yawan masu magana ba su goyi bayan Skues ba. Hujjarsu ita ce tsutsa tana kama ƙananan kifi, tana kuma ɓata ruwa ga sauran abokan haya. A shekarar ce, yana da shekara 80, ya bar ruwan da ya yi shekara 55 yana bi, ya koma kogin Nadder. Rigimar a zahiri kan ƙugiya ce, amma a ƙarƙashinta tambaya ce ta rabon abin da aka yi tarayya a kai: me mutum ɗaya zai iya yi a ruwan jama'a ba tare da ya tauye rabon ɗan'uwansa ba? Lokaci ya ba Skues gaskiya ta fuskar ilimi, musamman bayan Frank Sawyer, mai kula da kogin Avon a Netheravon, ya ƙirƙiro tsutsar gashin jelar tsuntsun fezan da zaren tagulla, wadda ake amfani da ita a duniya har yau. Amma a wurare da yawa na Test sulhu aka yi: busasshen ƙwaro kaɗai a farkon kaka ta fatsa, har lokacin ƙwaron Mayu ya wuce, sannan a halatta tsutsa daga baya.

Masu kula da kogi

Test ba kogin daji ba ne. Tun ƙarni na 17 manoma suka yanka masa magudanai don shayar da makiyaya, masu injin niƙa kuma suka gina madatsai, har ya zama a wasu wurare yana gudu a rassa da yawa. Irin wannan ruwa sai da mai kula. A Houghton aikin ya zauna a gida ɗaya: William Lunn, da ɗansa Alfred, da jikansa Mick, daga wajen 1887 zuwa 1992, sama da shekara 100. William ya yi nazarin ƙwari da idonsa. Da ƙwaron Mayu ya yi ƙaranci a ruwan kulob ɗin a farkon ƙarni na 20, ya yi ta ƙoƙarin dawo da shi. Shi ne kuma ya fito da dabarar ɗaure alluna masu yawo a kan ruwa domin wasu ƙwarin su zuba ƙwai a inda maƙiyansu ba za su kai ba. A 1934 John Waller Hills ya rubuta tarihin rayuwarsa.

Babban aikin mai kula shi ne yankan ciyawar ruwa. Idan aka bar ta, takan toshe kogi ta jawo ambaliya. Idan aka aske ta duka, ruwa ya janye, ƙwari su rasa mafaka. Ciyawar da aka yanka kuma takan bi ruwa ta hana duk na ƙasa yin fatsa. Saboda haka masu ruwa suka haɗu a ƙungiyar Test da Itchen, wadda aka kafa a 1907, kuma ake tsayar da ranakun yanka na bai ɗaya a watannin Yuni, Yuli da Agusta. Ayarin da ya kama wuri ba tare da duba waɗannan ranaku ba yana iya biyan kuɗi mai yawa ya tarar da kogi cike da tarkacen ciyawa.

Bazuwar al'adar

Daga waɗannan koguna al'adar ta bi daular Birtaniya. A 1864 jirgin ruwa mai suna Norfolk ya kai ƙwan tirawut cikin ƙanƙara zuwa Ostireliya, aka ƙyanƙyashe su a Tasmaniya, kuma wasu daga cikinsu daga Itchen aka ɗebo su. A 1890 Halford ya aika wa Theodore Gordon na Amurka samfurin ƙwarinsa, Gordon ya sauya su don su dace da kogunan duwatsun Catskill. A 1905 aka zuba tirawut a kogin Gura da ke tsaunukan Aberdare na Kenya, inda tsayin ƙasa ya sa ruwa ke da sanyi. A yau Kenya tana cikin ƙasashen da ke ɗaure ƙwarin ƙarya da hannu suna fitarwa zuwa Turai da Amurka, ta yadda ƙwaron Mayun da ake wurgawa a Stockbridge yana iya kasancewa aikin hannun ma'aikaci ne a Afirka ta Gabas.

Kammalawa

Wanda ke shirya wa abokansa wannan fita a yau yana bin sawun mutanen 1822 ne. Zai zaɓi ranaku tsakanin tsakiyar Mayu da makon farko na Yuni, ya san cewa ƙwaron na iya saɓa masa. Zai nemi gunduwar da ta ɗauki yawan mutanensa, ya tambayi dokar wurin kan tsutsa da shiga ruwa da yawan kifin da aka yarda a ɗauka, ya duba ranakun yankan ciyawa. Kowane ɗan ayari kuma sai ya mallaki lasisin sanda daga Hukumar Muhalli ta Ingila, ban da kuɗin mai ruwa. Layin jirgin Stockbridge ya daina ɗaukar fasinja a 1964, mota ta maye gurbinsa.

Abin da ya sauya ƙwarai shi ne lafiyar kogin kansa. Ana zuƙo ruwa daga allin da kogin domin biranen Hampshire, takin gona da ƙazantar gari suna shiga, laka tana rufe tsakuwar da kifi ke zuba ƙwai. Tun 2015 doka ta bukaci tirawut ɗin gida da ake zubawa a koguna ya kasance wanda ba ya haihuwa, don kare irin na asali. A watan Agusta na 2022, sakamakon fari, aka hana mazauna yankin ban ruwa da tiyo domin a rage ɗibar ruwa daga Test da Itchen. Da yake tsutsar ƙwaron Mayu tana shekara biyu a ƙasan kogi, gurɓatar ruwa ta mako guda tana iya shafe fitar shekaru biyu masu zuwa, kuma ayarin da ya kama wuri tun bara ba zai sani ba sai ya iso bakin gaɓa.